BABI NA HUƊU: WAHALA DA GINUWAR HALI A LITTAFIN SHAIHU UMAR

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar jigo da hanyoyin da ake bi wajen gano shi a ƙagaggen labari. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ne a kan tambaya guda ɗaya, wato ko wahala da masifa suna amfanar ɗan Adam har su gyara masa hali, kamar yadda aka saba faɗa idan ana maganar jigon littafin Shaihu Umar. Ɗalibi yakan taso tun daga sakandare da fahimtar cewa littafin yana koyar da haƙuri ne, kuma Umar ya zama babban malami saboda wuyar da ya sha. Mai wannan nazari ma da irin wannan fahimta ya fara. Sai dai da aka bi taurarin ɗaya bayan ɗaya, aka auna wahalar kowa da abin da ya samu a ƙarshe, sai aka ga lissafin bai fita yadda ake zato ba. Saboda haka za a fara da duba matsayin wahala a tunanin Bahaushe, sannan a dubi taurari uku na littafin, da wanda aka ɗora wa ba da labarin, daga nan a kwatanta shi da littafin Jiki Magayi.

4.1 Wahala a Tunanin Bahaushe

Karin magana na daga cikin wuraren da Bahaushe ke ajiye ra'ayinsa game da rayuwa. Idan aka duba za a tarar da karin magana masu yawa da ke ƙarfafa wa mutum guiwa a kan jure wahala. Akan ce, bayan wuya sai daɗi. Akan ce, mahaƙurci mawadaci, ko kuma mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Haka kuma akan ce, ba a shan zuma sai an sha harbi. Duk waɗannan suna nuna cewa akwai riba a bayan wuya.

Amma idan aka lura da kyau, yawancinsu haƙuri suke yabo, ba ita wahalar kanta ba. Inda Bahaushe ya fito fili ya kira wahala makaranta kuwa, cewa ya yi, wuya makarantar kare. Wato dabba ce ba ta ɗaukar darasi sai ta ji a jikinta, mutum mai hankali magana ta ishe shi. Haka nan ya ce, haƙurin kaya sai jaki, wanda ke nuna akwai irin haƙurin da bai dace da ɗan Adam ba. A maganar yau da kullum ma akan bambanta haƙuri da haƙurin dole. Ke nan tunanin Bahaushe bai tsaya a gefe ɗaya ba dangane da wannan batu. Wannan bambanci tsakanin wahala da haƙuri, da kuma tsakanin haƙurin zaɓi da na dole, shi ne ma'aunin da za a yi amfani da shi a sauran sassan wannan babi.

4.2 Littafin da Zamaninsa

Shaihu Umar na ɗaya daga cikin littattafan da aka samu sanadiyyar gasar rubutun ƙagaggun labarai da R. M. East ya shirya a 1933, tare da su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Marubucinsa, Abubakar Tafawa Ɓalewa, an haife shi a 1912, ke nan yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya rubuta shi, tun kafin ya shiga siyasa har ya zama Firayim Minista a 1957. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo a 1975, sannan Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. An gyara wannan fim aka sake nuna shi a birnin Berlin na ƙasar Jamus a 2018.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan babi shi ne zamanin da aka rubuta littafin. An gina labarin a kan ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ake kai hari ana kama bayi, ayarin fatake kuma na tsallaka hamada daga Kano zuwa ƙasashen Larabawa. Dokar da Gwamna Lugga ya kafa a 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga ranar 1 ga Afrilu ta wannan shekara ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936. Wato a lokacin da littafin ya fito, akwai mutanen da suka ga hari da idanunsu, akwai kuma waɗanda ba su daina jiran 'yan'uwansu da aka tafi da su ba. Wahalar da marubucin ya kawo ba ta tatsuniya ba ce ga masu karatu na farko. Wannan ya sa ya kamata a yi hattara kafin a yanke hukuncin cewa manufarsa ita ce nuna amfanin wahala.

4.3 Umar: Wahala ko Tarbiyya?

Babu shakka babban tauraron littafin ya gamu da masifu tun yana ƙarami. Ya taso maraya a Kagara. An kori mijin mahaifiyarsa, Makau, daga garin. A lokacin da mahaifiyarsa ta tafi ganin iyayenta ta bar shi a hannun amana, sai aka sace shi. Kura ta cinye wanda ya sace shi, shi kuwa Allah ya kuɓutar da shi. Bayan ya samu masu riƙo, sai kuma hari ya rutsa da shi, aka kai shi Kano, inda ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya tafi da shi ƙasar Masar.

Tambayar da ta kamata a yi a nan ita ce, me Umar ya koya daga waɗannan masifu? Dukkansu sun same shi ne yana yaro ƙarami, bai kai munzalin da zai yi tunani a kan abin da ke faruwa da shi ba. Ba shi ya zaɓi ya jure ba, ɗaukar sa ake yi daga wannan hannu zuwa wancan kamar kaya. Saboda haka ba za a kira halin da ya shiga haƙuri ba, domin haƙuri aiki ne na mai hankali wanda ya san abin da ya rasa. Iyakar abin da masifun suka yi shi ne sauya masa wurin zama.

Idan kuwa aka nemi inda ilimin Umar da natsuwarsa suka samo asali, sai a tarar daga lokacin da wahala ta yanke ne. Abdulkarim ya riƙe shi tamkar ɗan cikinsa, ya ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya sa shi makaranta. Ya yi karatu a wurin Shaihu Mas'ud har ya kai matsayin limanci. Shekarun da suka gina shi shekaru ne na kwanciyar hankali da ƙoshi da kulawar malami. Da a ce wani ubangida ya samu wanda ya tura shi gona ko kiwon raƙuma, kamar yadda ya faru ga mafi yawan bayin wancan zamani, da wahalarsa ta fi haka yawa, amma da babu wani Shaihu Umar da ɗalibai za su kewaye a Rauta. Ke nan abin da labarin ya nuna a aikace shi ne, jinƙai da ilimi su suka gina Umar. Wahala hanya ce kawai da ƙaddara ta biyo da shi.

Ana iya cewa ai da ba a sace shi ba da bai haɗu da Abdulkarim ba, don haka sacewar alheri ce gare shi. Wannan magana tana da ƙarfi ta fuskar jerin abubuwan da suka faru, amma tana da rauni ta fuskar dalili. Kasancewar alheri ya biyo bayan sharri bai mayar da sharrin ya zama shi ne mai yin alherin ba. Yaran da aka kama tare da Umar sun bi hanya ɗaya da shi, sun sha ƙishirwa ɗaya, amma ba su samu abin da ya samu ba. Abin da ya raba shi da su shi ne mutumin da ya riƙe shi.

4.4 Makau: Wahala Mai Bayyana Hali

Makau bafade ne da sarki ke ji da shi, wannan ne kuma ya jawo masa hassadar sauran fadawa. Bayan an komo daga hari suka ƙulla masa sharri cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, sarki ya kore shi, ya tafi ya sake kafa rayuwa a Maƙarfi. Shi Makau, ba kamar Umar ba, babba ne mai hankali, ya san abin da aka yi masa, ya kuma karɓi ƙaddara ba tare da neman ramuwa ba. A nan ana iya cewa an ga haƙuri na gaskiya.

Sai dai kuma marubucin ya riga ya nuna Makau a matsayin mutumin kirki tun kafin masifar ta same shi. Gaskiyarsa da amincinsa ga sarki su ne ma suka jawo masa baƙin jini a fada. Wato korar ba ta ƙara masa wani hali da ba shi da shi ba, fito da wanda yake da shi ta yi fili, kamar yadda wuta kan nuna zinariya amma ba ta ƙera ta daga baƙin ƙarfe.

Akwai kuma wani abin lura. Rigimar da ta kori Makau a kan rabon mutane aka yi ta, wato waɗanda aka kamo daga garuruwansu. Labarin ya tsaya a kan zaluncin da aka yi wa Makau, bai bi sawun waɗanda Makau ya raba da iyalansu ba. Daga baya kuma irin abin da ya yi wa 'ya'yan wasu shi ya faɗa wa agolansa da matarsa. Ko marubucin ya yi haka da gangan ko kuwa a'a, tsarin labarin ya nuna cewa wahalar da ke cikin littafin ba daga sama ta faɗo ba. Mutane ne ke ƙirƙirar ta, suna ɗora wa junansu.

4.5 Mahaifiyar Umar

A ganin mai wannan nazari, nan ne littafin ya fi ba da amsa ga tambayar da aka yi a farkon babi. Mahaifiyar Umar ita ce ta fi kowa shan wahala, ita ce kuma ta fi kowa cancantar sakamako idan har bayan wuya sai daɗi. Ta rasa mijinta na farko, an kori na biyu, an sace ɗanta. Ba ta zauna tana kuka ba, ta bazama nemansa da ƙafarta. A kan wannan hanya aka yaudare ta da alkawarin za a kai ta inda ɗanta yake, ta wayi gari baiwa, aka tsallaka hamada da ita. Ita ce kaɗai tauraruwar da ta shiga wahala da saninta, saboda ƙauna, ba don neman dukiya ko matsayi ba.

To, me ta samu? Ta yi shekaru cikin bauta da baƙin ciki har jikinta ya lalace. Da Umar ya yi mafarki ya taso nemanta, ya same ta a ƙarshen ƙarfinta, kuma ba a daɗe da haɗuwarsu ba ta rasu. Ba ta koma gida ba, ba ta ci moriyar ilimin ɗanta ba, ba ta zauna a inuwarsa ko da shekara guda ba. Ƙarfin zuciyar da ta nuna kuwa da shi ta fito daga gida, ba a hamada ta tsince shi ba. Abin da wahala ta yi mata shi ne cinye ta a hankali.

Yana da kyau a kwatanta wannan da ƙissar Annabi Yusuf, wadda duk mai karatun wancan zamani ya san ta. Akwai kamanni a fili: yaro da aka raba da mahaifi, aka sayar da shi, aka kai shi Masar, ya tashi a gidan babban mutum, ya samu ɗaukaka, ga kuma mafarki a cikin labaran biyu. Amma a ƙissar Annabi Yusuf an ƙare da haɗuwar iyali cikin farin ciki, mahaifinsa ya samu ganinsa ya komo. A Shaihu Umar kuwa haɗuwar ita ce bankwana. Marubucin yana da damar ya bar uwar da rai, labarin ya ƙare da daɗi kamar yadda Ruwan Bagaja ya ƙare da komowar Alhaji Imam gida cikin nasara, amma bai yi haka ba. Wannan zaɓi nasa yana nuna bai yarda ya rufe ɓarnar bauta da ɗaukakar mutum ɗaya ba.

Mai yiwuwa a ce ai sakamakonta yana lahira, domin a Musulunci masifa jarrabawa ce, kuma mai haƙuri yana da lada. Wannan gaskiya ne, kuma babu shakka da wannan imani aka rubuta littafin. Amma lada a wurin Allah daban, iƙirarin cewa wahala tana gyara mutum a duniya daban. Haka kuma ladan wanda aka zalunta ba ya wanke azzalumi. Addinin da ya yi umurni da haƙuri shi ne kuma ya hana zalunci, ya koyar da neman tsari daga talauci da bala'i. Da wahala alheri ce a kan kanta da ba a koyar da neman tsari daga gare ta ba.

4.6 Mai Ba da Labari

Wani abin da ke sa mai karatu ya ɗauka littafin yana yabon wahala shi ne zubinsa. Labarin ya buɗe ne da Shaihu Umar yana zaune cikin ɗalibansa a Rauta, cikin girma da daraja, aka tambaye shi asalinsa, ya shiga ba da tarihinsa. Tun daga shafin farko ke nan mai karatu ya san tauraron zai tsira, ya kuma san inda zai ƙare. Saboda haka duk masifar da ta zo sai a riƙa kallon ta a matsayin mataki zuwa ga wannan kujera ta malanta. Bugu da ƙari, harshen Shaihu na dattijo ne mai natsuwa, yana faɗin abubuwa masu tayar da hankali cikin sanyin murya, yana mayar da kome ga Allah. Wannan salo yana rage zafin abin a zuciyar mai karatu.

Amma wanda ya tsira ne kaɗai ke iya ba da labari. A kan hanyar komowa guguwar rairayi ta rufe ayarin da Umar ke ciki, mutane suka halaka, har da Abdulkarim. Su ma sun sha wuya, amma babu wanda zai tambaye su darasin da suka koya. Idan aka ƙidaya waɗanda wahala ta halaka a littafin, aka kwatanta da wanda ya fita da riba, za a ga mutum ɗaya ne a gefe guda, jama'a masu yawa a ɗaya gefen. Bahaushe ya ce, in ka ga wani a inuwa, wani yana rana. Shi kansa gidan da Umar ya samu inuwa a cikinsa gidan falke ne da ke zuwa Kano inda ake hada-hadar bayi. Kuskure ne mai tarke ya ɗauki muryar Shaihu a matsayin dukkan abin da littafin ke faɗa, domin abubuwan da suka faru a labarin suna faɗin abin da ya wuce haka.

4.7 Kwatanci da Jiki Magayi

Littafin Jiki Magayi na John Tafida da R. M. East, wanda ya fito a zamani ɗaya da Shaihu Umar, ya kawo ɗaya fuskar al'amarin. Abubakar ya rasa Zainab da yake so, bayan attajiri Malam Shaihu ya aure ta. Baƙin cikin wannan ya sa ya bar gida ya shiga duniya neman asirin da zai rama da shi, ya kuma sha baƙar wahala a kan wannan hanya. Idan wahala tana tace hali, da Abubakar ya komo mutum mai sanyin zuciya da yafiya. Amma abin da ya faru shi ne, kowace wuya ya sha sai ta ƙara masa ƙudurin ramuwa. Sakamakon asirin ya faɗa a kan Kyauta, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya tashi ɓarawo, har ta kai shi ga kashe mahaifinsa ba da saninsa ba.

Idan aka jera Makau da Abubakar za a ga dukkansu an zalunce su, dukkansu sun bar gida, dukkansu sun wahala. Ɗaya ya haƙura, ɗaya ya zama sanadin halakar gida guda. Da wahala ce ke gina hali da sakamakonsu ya zo ɗaya. Bambancin yana ga abin da kowannensu ya shiga wahalar da shi a zuciyarsa.

4.8 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa littafin Shaihu Umar bai goyi bayan ra'ayin cewa wahala a kan kanta tana amfanar mutum ba. Ga Umar, jinƙai da ilimi ne suka gina shi bayan wahalar ta wuce. Ga Makau, wahala ta bayyana halin da yake da shi ne tun da farko. Ga mahaifiyar Umar kuwa, wahala ta kashe ta duk da haƙurinta. Jiki Magayi ya ƙara da nuna cewa takan ma lalata hali. Don haka ya fi dacewa a ce jigon littafin shi ne ɓarnar da bauta ke yi wa iyali, haƙuri da yarda da ƙaddara kuma su zo a matsayin ƙananan jigogi.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ko a wajen aji. Da kalmar wuya ba ta kisa akan rufe bakin yaron da aka tura karatu wani gari ba tare da guzuri ba, da yarinyar da ke yini a rana da farantin talla, da matar da ake cuta a gidan aure. Sau da yawa wanda ke inuwa ne ke faɗa wa na rana amfanin rana. Littafin da ake kafa hujja da shi wajen yabon wahala ya nuna cewa almajirin da ya zama Shaihu a ƙoshe ya yi karatunsa, ƙarƙashin kulawar uban riƙo da malami. A babi na gaba za a dubi salon sarrafa harshe a littafin, musamman yadda marubucin ya yi amfani da kalmomin aro na Larabci wajen fito da matsayin taurarinsa.